Kaset ɗin Kawu: kewa ce ko bege?

Ƴan uwa, wani abu ya faru a site cikin watan da ya wuce wanda har yau bai bar ni na huta ba, shi ya sa na ce bari in kawo shi nan mu duba tare. Dare ya yi, wuta ta ɗauke, mun fito da tabarma waje ana dafa shayi. Sai wani abokinmu ɗan sashen tarihi ya buɗe tarho ya sa wani dogon haɗin tsofaffin waƙoƙi da ya sauko da shi daga YouTube: Kool & the Gang, Earth, Wind & Fire, Boney M da ire-irensu. Kafin a sauke shayi na biyu kowa ya zama dattijo. Wannan ya ce "kai, da can an yi kiɗa", wancan ya ce "yanzu ba komai sai hayaniyar na'ura". Na dube mu ɗaya bayan ɗaya. Babbanmu a wurin bai cika shekara 26 ba, kuma waƙar da ta fi ƙuruciya cikin haɗin nan ta girme shi nesa ba kusa ba. To wane "da can" muke nufi, alhali lokacin ko iyayenmu mata ba a kai su ɗakin miji ba?

Ban ce musu uffan ba, don ni ma ƙirjina ya yi nauyi kamar na kowa, wataƙila ma fiye. Sai dai karatun kimiyyar harshe ya ɓata ni: in na ji wani abu a raina, sai na tsaya neman sunansa. Faransanci yana da kalma guda, nostalji, wadda ke haɗiye komai. Hausa ta raba abin gida biyu. Akwai kewa, akwai bege. Kewa ita ce gurbin da abu ya bari bayan ka zauna da shi ya tafi. Shi ya sa ake ce wa matafiyi "mun yi kewarka", kuma ba ka kewar wanda ba ka taɓa sani ba. Bege kuwa bai damu da ido ba. Masu begen Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ba wanda ya gan shi a cikinsu, kuma tsohuwar da ba ta taɓa wuce Balleyara ba tana iya begen Makka har ta yi hawaye. Abin da nake so in gwada a nan shi ne in ɗauki kaset guda, wanda na tashi da shi a kunne, in saurare shi da kunnen yau, in ga wane yanki nasa nake kewa da gaske, wane ne kuma bege kawai na aro daga wani.

A Damana na tashi, cikin Tondikandiya. Garin Zabarmawa ne, mu kuwa gidanmu Kurfayawa ne daga wajen Filinge da fatauci ya zaunar, don haka a waje Zabarmanci nake, a tsakar gida Hausa. Kawuna, wan mahaifiyata, yana cikin samarin da suka tafi cin rani Legas a ƙarshen shekarun 1970. A Agege ya zauna, ya yi gadi, ya yi dako, ya sayar da agogo a bakin hanya. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar Najeriya. Mutum fiye da miliyan ɗaya suka kwaso kaya, akasarinsu ƴan Gana, amma akwai ƴan Nijar da yawa, Kawu na cikinsu. Abin da ya iso da shi gida bai wuce kayan jikinsa ba, da manyeto mai cin pil shida, da kaset a cikin leda. Lokacin da na yi wayo, wajen 2008, saura kaset huɗu ko biyar masu rai, kuma ɗaya ne muke kira "kaset ɗin Kawu": TDK mai minti casa'in, an shafe rubutun bayansa da gumin hannu. Wani mai shagon ɗaukar waƙa a Agege ne ya haɗa masa shi.

Ba kullum ake sa shi ba, don pil kuɗi ne. Sai ranar kasuwa in ciniki ya yi kyau, ko daren salla, ko in an gama girbin hatsi. Ba a mayar da zare baya da manyeto, wannan ɓarnar pil ce. Aikina ne in soka bik a ramin kaset in yi ta juyawa har hannuna ya gaji. Wannan shi ne muƙamin farko da na taɓa riƙewa a duniya, kuma na yi faɗa a kansa.

Kawu bai san ana raba kiɗan nan gida uku ba. Duk "kiɗan Legas" ne a wurinsa, ko daga Amurka ya fito, ko Jamus, ko Kamaru. Amma yana da kalma ɗaya da yake faɗa in abin ya kai masa, wato "hwanki". Shekara goma sha wani abu na yi ina ɗauka wata tsohuwar Hausa ce, sai a aji na farko na jami'a, ana koya mana yadda harshe ke narkar da kalmar aro, na yi dariya ni kaɗai. Gaɓar Hausa ba ta yarda baƙi biyu su rufe kalma, sai aka ƙara wasali, fank ya zama fanki. Bakin Bakurfaye kuma ba ya furta "fa", sai "hwa", kamar yadda muke cewa hwari da hwata, har ƙasarmu ma Kurhwai muke ce mata. Abokaina Zabarmawa suna cewa fanki, mu muna cewa hwanki, ashe kalma ɗaya ce ta taso daga bakin baƙaƙen Amurka ta bi ta Legas ta zo ta rabu biyu a ƙofar gidanmu. Haka James Brown ya zama Jemis Burawun, don ba ma fara gaɓa da baƙi biyu. Disko kaɗai ta shigo ba a taɓa ta ba, dis-ko, kamar don bakinmu aka ƙera ta. Wataƙila wannan ma yana cikin dalilin da ya sa ta fi sauran daɗewa a wurinmu, amma zan zo kan wannan.

Fuskar farko ta kaset ɗin da James Brown take buɗewa, waƙa uku a jere. Na sake saurarensu sau da yawa a bana, ina neman inda zan kama su da laifi, ban samu ba. Wannan kiɗan yana tsaye da ƙafarsa ko babu Kawu, ko babu Damana. Ga abin da mutumin ya yi, daga tsakiyar shekarun 1960. In ka ƙirga bugu huɗu-huɗu, yawancin kiɗan Amurka na lokacin yana dora nauyi a kan na biyu da na huɗu. Shi sai ya janyo nauyin duka ya aza a kan na ɗaya, ya ce wa makaɗansa kowa ya je inda ya ga dama muddin za a haɗu a ɗaya. Daga nan kowane kayan kiɗa ya koma ganga. Mai gita ba ya rera komai, karce igiya yake kamar mai kaɗa ƙwarya da zobe. Masu busa ba sa jan numfashi mai tsawo, sara suke su janye. Ana iya minti biyar ba a canza murya ba, abu ɗaya ake ta maimaitawa, amma kowane zagaye da ɗan abin da ya gusa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu kalangu a dandali, ko ya ji mai gurumi ya kama zare ɗaya ya ƙi saki har gari ya waye, ya san wannan dabarar. Ga kuma amshi: ya jefa, a karɓa masa. Yana kiran makaɗansa da suna a tsakiyar waƙa, yana zuga su, sak sanƙira. Ba mu san kalma ɗaya ta abin da yake faɗa ba, kuma yanzu da na iya Turanci na gano ba mu yi asarar komai ba, domin rabin abin da ke fita bakinsa ba magana ba ce, gurnani ne da ihu da aka ajiye daidai inda ganga ke bukata.

Ban ce daga wurinmu ya sato ba, wannan gardamar masu son a ce komai namu ne, ba ni da lokacinta. Amma hanya ta bi gaba da baya. A Disamban 1970 James Brown ya zo Legas, makaɗansa suka je wurin Fela suka ji Tony Allen a kan ganguna, kuma Bootsy Collins mai gitar bas ya sha faɗin yadda abin ya girgiza su. Waƙa ta huɗu a kaset ɗin ma shaida ce: "Soul Makossa" ta Manu Dibango, ɗan Kamaru, wadda aka buga a 1972 a bayan faifan waƙar gasar cin kofin Afirka. Masu sa faifai a gidajen rawa na New York suka tsince ta, ta zama ɗaya daga cikin tubalan disko, har Michael Jackson ya ɗebi amshinta ya zuba a kundin Thriller na 1982, sai da aka je ga maganar kuɗi. Wato wani abin da Kawu ya ɗauko a matsayin kayan Turai, daga maƙwabta ya fito, ya yi dogon zagaye ne kawai.

Kakata, Allah ya jiƙanta, tana da nata sharhin. Duk lokacin da James Brown ya kwarma ihun nan nasa sai ta ɗago daga kan tabarma ta ce, "Wanga mutum iska ta hau shi, ku rage mishi murya." Muna dariya, amma daga baya na ga ba ta yi nisa da gaskiya ba, kuma ta san abin da take faɗa, don ƙasarmu ce ta haifi Babule, waɗanda littattafai ke kira Hauka. Wajen 1925, a Shikal kusa da Filinge, wasu sababbin iskoki suka bayyana, masu siffar gwamna da kumandan da soja, waɗanda in sun hau mutum sai ya yi tafiyar soja yana wani irin Faransanci da bai taɓa koya ba. Nasara suka kama mutanen suka ɗaure, abin bai mutu ba, ya bi ƴan cin rani har Gwalkwas, inda Jean Rouch ya ɗauke shi a fim a Akara cikin 1954. Ba cewa nake rawar da muka yi a tsakar gida bori ce ba, kada malamai su taso mini. Abin da nake nufi, tun kakanni mun saba sa harshen baƙo a baki ba tare da ƙamus ba, mu tauna shi har ya yi ɗanɗanon gida. Mu yara takwas muna rera Turancin da ko Bature ba zai gane ba, kowa da nasa, kuma in wani ya kuskure "kalma" sai a gyara masa da zafi.

Sai waƙoƙin sanyi, waɗanda yanzu na san sunansu sol: Otis Redding, Percy Sledge, da wata murya ta mace da na gano Aretha Franklin ce. Gaskiya a nan muke watsewa. Wannan ya tafi shan ruwa, wancan ya tuna an aike shi. A kunnenmu kuka ne kawai, babban mutum yana kuka ba kunya. Na daɗe ina tunanin dalili, ga abin da na tsaya a kai. Bahaushe in ya zauna sauraron waƙa, magana yake bi. Abin da ya sa ake jinjina wa Narambaɗa ko Shata ko Ɗan Anace shi ne abin da suka faɗa da yadda suka saƙa shi, kuma waƙarmu a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi take tafiya, ga karin sauti da ke rarrabe ma'ana. Mawaƙinmu ba ya da ƴancin ya kama gaɓa ɗaya ya yi ta murɗa ta sama da ƙasa yadda ya so, sai kalmar ta lalace. Turanci bai hana wannan ba, kuma mawaƙan sol daga coci suka fito, inda murɗa gaɓa ɗin shi ne saƙon. Da na koyi Turanci na koma na nemi kalmomin, na ɗan ji kunya a madadinsu: ta tafi, ina sonta, ku taimake ni. In aka rubuta su a takarda aka ajiye kusa da baiti ɗaya na Narambaɗa, ba za su kai kasuwa ba. Amma ba a takarda suke zaune ba. Otis Redding ya mutu a haɗarin jirgin sama a Disamban 1967 yana da shekara 26, sa'an babbanmu na wurin shayi, kuma in ka ji yadda muryarsa ke tsagewa a ƙarshen layi sai ka rantse ya yi sittin.

A waɗannan waƙoƙin ne Kawu ke yin shiru. Ba ya kaɗa ƙafa, ba ya ba da labarin Legas, sai ya kalli bango. Shi ma ba ya jin Turancin kirki, sai na kasuwa. To in ana maganar kewa, a nan take, kuma tasa ce. Ni ban da haƙƙi a kanta. Son da nake yi wa sol yanzu a Yamai na koye shi, da ekuter a kunne, kuma in na ce yana tuna mini ƙuruciya na yi ƙarya, tun da lokacin ina bayan ɗaki ina wasan langa.

Fuska ta biyu kusan duka disko ce, kuma a nan ne zan ɓata wa abokan shayi rai. Boney M, waɗanda muka fi so fiye da kowa, su ne suka fi raunana da na sake ji. Ƙungiyar ma wani Bajamushe ne, Frank Farian, ya ƙera ta a ɗakin ɗaukar sauti, kuma muryar namijin da ake ji a faifan tasa ce. Bobby Farrell da ake gani a hoto yana tsalle, rawa aka ɗauke shi yi. Bugun ƙasa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, dum dum dum dum, ba gusawa, ba zolaya, ba wannan ɗan jinkirin da ke sa fanki ya kama mutum a ƙugu. Wanda ya zauna yana cewa kiɗan yanzu na'ura ne, na da kuwa hannu ne, bai san cewa tun 1977 Giorgio Moroder ya yi wa Donna Summer waƙa a Munich wadda kusan dukkanta na'ura ce ba. Abin da muke zargin ƴan yanzu da shi, a nan ya faro.

Duk da haka ba zan jefar da ita ba, don ta yi aikin da fanki bai yi ba. Fanki yana son gwani. In ba ka iya ba sai ka ji kunya ka koma gefe. Disko kuwa ko yaron da ya fara tafiya jiya yana iya taka ta. A nan ne ƴan mata ke shigowa fili, a nan ne matar Kawu ke ajiye muciya ta ɗan juya kafin ta tuna da surukarta. Kiɗan da ya iya tayar da gida duka bai cancanci raini ba, ko da bai da zurfi.

Kuma ku lura da wani abu. A Amurka an yi wa disko jana'iza tun 12 ga Yuli 1979, ranar da aka tara faya-fayanta aka fasa da nakiya a filin wasa a Chicago. Lokacin ko isowa wurinmu ba ta gama yi ba. Babbar shigowarta ƙasar Hausa ma ba ta Amurka ta biyo ba, ta Bombay ta biyo: fim ɗin Disco Dancer na 1982, da Mithun Chakraborty da kiɗan Bappi Lahiri. Har zamanin ƙuruciyata ana sa shi a gidan bidiyo, mu biya dala biyar mu zauna a ƙasa, janareto na ruri a baya. Waƙa biyu na fim ɗin suna cikin kaset ɗin Kawu, kuma su ne kowa ya fi haddacewa, don Indiyanci ya fi Turanci kwanciya a bakin Bahaushe. Daga finafinan Indiya abin ya gangara cikin finafinan Kano, ya hau fiyano ƙirar Yamaha, ya zama kiɗan da ake sa wa a kowane biki daga Maraɗi har Filinge. Disko ba ta mutu a wurinmu ba, gyale ta yafa ta shiga gidan biki. Shi ya sa nake mamakin ɗalibin da ke yatsina fuska in an sa kiɗan fiyano, sannan ya lumshe ido in an sa Boney M. Jika yake zagi yana yabon kaka, kuma kamar tasu ɗaya.

Yanzu ga wurin da ya fi ci mini rai. A ƙarshen fuska ta biyu akwai saura kamar minti uku da mai shagon Agege ya bari ba komai. Wata rana, bayan dawowarsa, Kawu ya danna jan maɓalli ya ɗauki abin da rediyo ke yi a lokacin. Wani kiɗa ne marar waƙa, sanyi, kamar ana busa sarewa a cikin rijiya, da ɗan bugu na na'ura a ƙasa. Ba mu ɗauke shi kiɗa ba ma. Alama ce cewa kaset ya ƙare, in je in nemo bik. Sai a shekarata ta biyu a jami'a na ci karo da shi a intanet, na tashi zaune. Mamman Sani ne. Ɗan ƙasar nan, mai orgen ƙirar Italiya, wanda ya ɗauki kaset ɗinsa a 1978, wanda rediyo da telebijin na ƙasa suka yi shekaru suna sa kiɗansa tsakanin shiri da shiri. Wani kamfanin faifai na Amurka, Sahel Sounds, shi ya sake fitar da shi a 2013, daga nan duniya ta sani, daga nan ni ma na san sunansa. Haka na san Azna de l'Ader na Tawa, masu gitar da ke kuka irin ta Jimi Hendrix, ta wannan hanyar dai. Ban ga laifin wanda ya zo ya tsince abin da muka yar ba, ya kyauta ma. Tambayata gare mu take. A wurin shayin nan kowa ya iya jera sunayen ƙungiyoyin Amurka goma, na tambaya wa ya san Mamman Sani, mutum ɗaya ya ce kamar ya taɓa jin sunan. Begen da muke yi ma shigo da shi aka yi, an riga an zaɓa mana abin da za mu yi begensa, an jera shi a YouTube da hoton faifai mai ƙura. Abin da aka yi a Yamai, a ƙetaren kogin da muke gani ta tagar amfi, sai da ya je Amurka aka buga masa hatimi kafin mu ji shi.

Akwai kuma abin da begen nan ke rufewa. A wajenmu in tsofaffi suka ce "da can", rabin lokaci "lokacin Kountché" suke nufi, balle da yake ɗan Fandu ne, nan kusa da mu, daga gidan sarautar Tondikandiya. Sai a haɗa komai a dunƙule: kuɗin uraniyom, samariya, tsoron hukuma da ya sa ɓarawo ke shakka, da manyeto a kafaɗar saurayi. Mu da ba mu gani ba sai mu karɓa a haka. Amma manyeton Kawu korarre ne ya shigo da shi. Shekara ɗaya bayan dawowarsa damina ta ƙi, aka shiga yunwar 1984 wadda Hausawan Nijar da yawa ke kira El-Buhari, ga iyakar Najeriya a rufe. Mahaifiyata ta ce a shekarar an so a sayar da manyeton a sayi hatsi, Kawu ya sayar da agogonsa da takalmansa ya hana. Ban san ko wannan abin yabo ba ne ko na zargi, ita kanta har yau ba ta yanke ba. Abin da na sani, waƙoƙin da muke jin daɗinsu a matsayin alamar zamanin wadata, a gidanmu cikin yunwa aka fi jin su.

To mene ne nawa a ciki? Na samu amsar ba da niyya ba. A hutun da ya wuce na je gida, na tarar da dare ya canza. Tun da aka hana hawan moto a jihar Tilaberi a farkon 2020 saboda rashin tsaro, samarin ƙauyuka suka daina zuwa hira da dare yadda suka saba, kuma ko da abubuwa suka ɗan sassauta, al'adar ba ta dawo daidai ba. Ana isha'i kowa ya ja ƙofa. Kawu ya tsufa, ya fi zama masallaci, manyeton ya daɗe da mutuwa. Na ce bari in ba shi mamaki. Na tara duk waƙoƙin kaset ɗin a tarho, bi da bi yadda suke, na sa masa ta farko.

Ya saurara kamar minti ɗaya, ya ce, "Wanga ba shi na ba."

Na ce, "Kawu, shi ne mana. Jemis Burawun ɗinka ne."

Ya ce, "Muryar ta yi kama. Amma mi yake ma gaugawa haka? Wa ke korar shi?"

Na buɗe baki zan yi gardama, sai na ji ni ma abin da ya ji. Waƙar ta yi sauri, muryar ta yi siriri. Sai a lokacin na gane: mu ba mu taɓa jin kaset ɗin da sabon pil ba sai na ƴan mintoci. Pil ɗin da aka shanya a rana, aka ciza, aka sake mayarwa, shi ke jan zaren, a hankali, yana ƙara nauyi yadda dare ke tafiya. James Brown ɗin Damana ya fi na Amurka kauri da natsuwa, Boney M ɗinmu kafin a kai ƙarshe sun zama wasu dattawa masu muryar bajimi. Wannan kiɗan, mai jan ƙafa, da ƙarar zare a bayansa da kukan jaki daga gidan maƙwabta, shi na zauna da shi, shi ne kuma ba ya cikin intanet ɗin kowa. Kewata ke nan, ba ta fi haka girma ba. Sauran duka, Legas ɗin 1980 da fitilun gidan rawa da wando mai faɗin ƙafa, bege ne na ara daga Kawu, shi ma ban tabbata ya ga rabinsu ba, mai gadi ina ya ga kuɗin shiga gidan rawa.

Na nemi wata manhaja mai rage saurin waƙa, na sauke ta kaɗan, na sake sa masa washegari. Ya ce ya fi, amma har yanzu da saura. Na ƙara ragewa. Ya kaɗa ƙafa sau biyu, ya tuna da carbin da ke hannunsa, ya daina. Da aka zo kan Otis Redding ya ce in kashe, lokacin salla ya yi, alhali da sauran kusan rabin awa.

Da zan taho ya shiga ɗaki ya fito da kaset ɗin a cikin ledarsa ya miƙo mini. Na ce, "Kawu, ai ba ni da abin sa shi." Ya ce, "Ni ma haka." Yana nan cikin akwatina a site, ƙarƙashin takardun tsarin sauti. Wanda duk ya san inda manyeto mai rai yake a Harobanda ko cikin gari, ya bar mini saƙo wurin masu haɗa wannan ɗan littafi. Pil ni zan kawo, tsofaffi.